Gwangwanin Biskit

Daren Laraba na buɗe gwangwanin biskit,
shekara guda ce a ciki, a ninke, a cukurkuɗe.
Na zazzage ta kan tabarma.
Fanka na juyi da ƙyar, Agege ta ƙi barci.

Ga rasit ɗin bututun jan ƙarfe daga Alaba,
ko in ce ga inda rasit ya taɓa zama.
Fari fat.
Tawada ta yi ƙaura ba sallama,
ta bar mini sifiri biyu da rabin kwanan wata.

Dubu tamanin da huɗu, ni na ƙirga su da hannuna!
Ranar ce ruwa ya tsare mu a Oshodi,
kwandasta na zagin sama, bututu na cin kafaɗata,
na isa Ikeja jiƙe sharkaf,
na hau tsani na ɗaura wa wani lauya na'urar sanyi.
Shi ya kwana cikin sanyi, ni na kwana da mura.

Amma Madam Morenike ta ofishin haraji
ba ta karɓar "na tuna".
"Malam Tanimu, kawo abin da ido zai karanta,
sai in cire maka kuɗin aiki daga lissafi."
Ban ga laifinta ba.
Ni ma ba na sayen gas da rantsuwa.

Bara na yi wauta.
Wani a bakin masallaci ya ce zafi na dawo da rubutu,
na ɗauko dutsen gugar Lantana, na danna,
takarda ta koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Garin neman gira na rasa ido.
Waɗanda na manne da salatif don tattali,
ƙarƙashin salatif ɗin rubutu ya fara mutuwa.
Na aljihu gumi ya sha,
na kan taga rana ta lashe.
Garin nan tufa ba ta bushewa,
tawada ce kawai ke saurin tafiya.

Bana Hansatu ce magatakarda,
'yar aji biyar, waya a hannu, harshe tsakanin haƙora.
"Baba, miƙar da shi. Cire yatsanka. Kar ka motsa."
Ƙyas.
Ta ɗauki na man janareta, ta ɗauki na waya da fiyus,
ni kuma ina juya bayan kowanne
ina rubutawa da biro, mai taurin kai:
rana kaza, wurin wane, aikin gidan wane, nawa.
Gobe in kai su shagon Iya Sikira a Pen Cinema
ta buga mini kwafi kafin a ɗauke wuta.
Wata guda, ambulan guda,
can ƙasan akwati inda haske ba ya ziyara.

Fararen kuwa, su bakwai, na jera su gefe.
Uku saƙon banki zai tsaya musu shaida.
Na bututu, Asabar zan koma Alaba,
Ikenna ya lashi yatsa ya bincika tsohon littafinsa,
in ya ga dama, in na sayi wani abu.
Sauran ukun na yafe.
Ƙunar walda da ke bayan hannuna ba ta koɗe ba,
sai dai ba a manna ta a fayil.

Can ƙasan gwangwani Hansatu ta zaro wani,
baƙinsa raɗau, kamar yau aka buga.
Askirim biyu, ranar da ta zo ta uku a aji.
"Wannan fa, wane wata?"
Na ce wannan ba na aiki ba ne,
gwamnati ba ta san da zamansa ba.

Ta kai hannu za ta jefa a shara.
Na ce tsaya.
Miƙar da shi.
Ɗauki hotonsa shi ma.